Abin da ke sa mutane su ce babu annoba alhali tana ci

A watan Satumba na 2014, wata tawagar ma'aikatan lafiya da jami'an gwamnati da 'yan jarida ta shiga ƙauyen Womey a kudancin Gini domin wayar da kan jama'a game da Ebola. Mutum 8 daga cikinsu ba su fito da rai ba, mutanen garin ne suka kashe su. Bayan shekara huɗu, da cutar ta ɓulla a gabashin Kwango, masu bincike suka tambayi mutum 961 a garuruwan Beni da Butembo, sai kusan ɗaya cikin kowane huɗu ya ce shi bai yarda akwai wata Ebola ba. A lokacin ana binne mutane a garuruwan nan biyu.

Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne jahilci, kuma shi ne ya fi rashin amfani. Thabo Mbeki yana da digiri na biyu a fannin tattalin arziki daga Jami'ar Sussex, amma a zamanin shugabancinsa a Afirka ta Kudu ya yi ta shakkar cewa ƙwayar HIV ce ke haddasa ƙanjamau, gwamnatinsa ta ja ƙafa wajen raba magani. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin ya ci rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Ba ƙarancin karatu ya kai shi ba. A ganina, mutum yakan ƙaryata annoba ne idan yarda da ita za ta ci masa abin da ba zai iya biya ba, ko abincin gidansa, ko mutuncinsa, ko zamansa cikin mutanensa, sannan mai kawo masa labarin ba wanda ya amince da shi ba ne.

Kafin a je can, ƙaryatawar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai cewa babu cutar kwata-kwata. Akwai mai cewa akwai ta amma mura ce kawai aka zuzuta. Akwai wanda ya yarda da komai, sai dai yana ganin shi ba za ta same shi ba, don haka babu abin da zai canza. Sai kuma mai cewa ƙirƙirar ta aka yi don a ci kuɗi ko a rage yawan jama'a. Mutum ɗaya kan zagaya dukkansu cikin hira guda: ka kawo masa hujja a kan ta farko, sai ya tsallaka ta biyu. Wannan tsalle-tsallen shi ke nuna maka cewa ba hujja yake nema ba, akwai abin da yake karewa.

Mu fara da lissafi, don nan ne ko mai kyakkyawar niyya ke tuntuɓe. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba da abin da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, goma yau, goma gobe. Annoba kuwa ninkawa take. A ce masu cutar suna ninka duk kwana 3, kamar yadda aka gani a wasu birane a farkon korona. Daga mutum ɗaya, a kwana na 15 za su zama 32. A kwana na 30, 1,024. A birni mai mutum miliyan ɗaya, wannan ɗaya cikin dubu ne, da wuya ka san ko guda. A kwana na 45 sun kai 32,768, a kwana na 60 kuma lissafin ya haura miliyan. A zahiri yaɗuwar kan ragu kafin nan, domin waɗanda ba su kamu ba suna ƙarewa, amma abin lura shi ne rabin farko na wannan lokaci babu abin da ido zai gani. Asibitin da kashi ɗaya cikin huɗu na gadajensa kawai ke da majinyata, kwana 6 ya rage masa ya cika. Wanda ya leƙa ya ɗauki hoton gadaje babu kowa bai yi ƙarya ba, hotonsa ne ba ya nuna abin da ke tafe. Tun 1975 masana biyu, Wagenaar da Sagaria, suka gwada mutane da irin wannan lissafi, suka tarar ana raina sakamakon ƙwarai, har da waɗanda aka yi wa bayani tukuna.

Sai jinkiri. A korona, daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kusan kwana 5 ne, daga alamu zuwa mutuwa, ga wanda za ta kashe, mako biyu zuwa uku. Ke nan gawar da aka ƙirga yau labarin kamuwar da aka yi mako uku ko huɗu baya take bayarwa. Cikin kwana 21 cutar ta ninka sau 7, wato ta ƙaru sau 128. Wannan jinkiri yana ɓata hukunci ta fuska biyu. Da farko mutane su ce ina gawarwakin. Daga baya, an sa dokar kulle amma mace-mace na ci gaba da hawa har mako uku, sai su ce ai dokar ba ta aiki. Birnin Filadelfiya na Amurka ya ga haka a annobar mura ta 1918: an bar gagarumin fareti ya gudana ranar 28 ga Satumba da mutum kusan 200,000, saboda a ranar abin bai yi kama da bala'i ba. Cikin 'yan kwanaki asibitocin birnin suka cika.

Akwai kuma wani lissafin da ban cika jin ana yi wa mutane ba, alhali shi ne amsar tambayar da aka fi yi, wato "ni wa na sani da ta kashe?" A ce cutar na kashe ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Ka san mutum 20 da suka yi ta. Yiwuwar dukkansu su warke ta kai kashi 82 cikin ɗari. Don haka mafi yawan jama'a, abin da idonsu ya gani shi ne mutane sun yi zazzaɓi sun tashi. Amma ɗaya cikin ɗari na mutum miliyan 10 shi ne 100,000. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda. Ana cewa gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amuran rayuwa haka ne. A annoba ne wannan ƙa'ida ke cin amanar mai ita. Ƙari a kan haka, rigakafin da ya yi nasara ba ya barin shaida. Wanda bai mutu ba saboda an hana taro bai san an cece shi ba, asarar cinikinsa kawai ya sani.

Yanzu tsoro. Mutane da yawa masu shirya saƙon lafiya suna zaton idan aka tsorata jama'a sosai za su bi doka. Wata mai bincike, Kim Witte, ta bayyana a 1992 dalilin da ya sa hakan kan juye. Idan saƙo ya tsorata mutum, yakan auna abu biyu: girman haɗarin, da kuma ko akwai abin da shi zai iya yi a kai. In ya ga zai iya, sai ya tunkari haɗarin. In ya ga ba zai iya ba, sai ya tunkari tsoron, kuma hanya mafi sauƙi ta kashe tsoro ita ce a ce abin ƙarya ne.

Ka ɗauki mutumin da sai ya fita da safe iyalinsa ke ci da dare. Ya tashi da zazzaɓi da tari, ba ya jin ƙamshin komai. Rediyo ya ce ya je a gwada shi, in yana da ita ya killace kansa kwana 14, a ɗaki shi kaɗai. Ɗakin nasa ɗaya ne, su shida ke kwana a ciki. Babu mai biyan sa kwanakin da bai yi aiki ba, kuma in maƙwabta suka ji, ko bayan ya warke za a riƙa kauce masa. Abin da ke gabansa zaɓi biyu ne: ya yarda yana ɗauke da abin da zai iya kashe tsohuwarsa amma duk da haka ya fita, ko kuwa ya ce zazzaɓin da ya saba yi ne. Na biyun ne ke barin sa ya yi barci. Da ya faɗa sau ɗaya, gobe sai ya ƙara da cewa ai cutar ma ta masu hawa jirgi ce. Wannan shi ne abin da masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana a 1957: idan aikin mutum da abin da ya sani suka yi karo, kuma aikin ba zai canzu ba, to sanin ne zai lanƙwasa. A nan ƙasida ko tallar rediyo ba za su yi komai ba. Abin da zai sauya ra'ayinsa shi ne abincin kwana 14 da wurin kwana.

Masu hali ma ba su tsira ba, nasu salon ne daban. Neil Weinstein ya nuna a 1980 cewa yawancin mutane na ganin mugun abu ya fi kusa da wasu fiye da su. Shi ya sa za ka ji mutum na zagin masu taro, alhali shi ma ya tara baƙi, domin nasa baƙin ai mutanen kirki ne masu tsabta. Ƙwaƙwalwa na haɗa cuta da baƙo, ba ta haɗa ta da aboki.

Batun amana shi ne ya fi nauyi, kuma nan ne nake ganin hukumomi suka fi yaudarar kansu. Zargin da jama'a ke yi sau da yawa ƙarya ne a zahirinsa, amma yana da tushe. A 1832, lokacin kwalara, an yi ta tarzoma a Liverpool, talakawa na jifan likitoci suna cewa ana kai marasa lafiya asibiti ne don a kashe su a fede gawarsu. Ba haka ake yi ba. Sai dai shekara huɗu kafin nan, a Edinburgh, an kama wasu mutum biyu, Burke da Hare, suna kashe mutane suna sayar wa wani malamin likitanci gawarwakin, satar gawa daga kabari kuma sananniyar sana'a ce a lokacin. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta bi ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere a Tuskegee tana kallon yadda cutar ke cin su ba tare da ba su magani ba, har bayan an samu fenisilin. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Kwango ta ba da misali mafi kusa. Mutanen Beni sun shafe shekaru 'yan bindiga na kashe su, zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na ɗibar 'ya'yansu, ba su ga an kawo ɗauki ba. Da Ebola ta zo, sai ga manyan motoci da baƙi da kuɗi. Tambayar da ta biyo baya mai hankali ce: me ya sa wannan ce kawai ta dame ku? Sannan a Disamba 2018 hukumar zaɓe ta ɗage zaɓe a Beni da Butembo, yankunan 'yan adawa, ta ce saboda Ebola. Daga ranar, cewa akwai Ebola ya zama kamar goyon bayan waɗanda suka hana ka zaɓe. A Fabrairu 2019 aka kai hari aka ƙona cibiyoyin jinya a Katwa da Butembo.

Akwai wata da'ira da ke rufe kanta a irin wannan hali, ya kamata duk mai aikin lafiya ya san ta. Mutane na tsoron cibiyar jinya, don haka ba sa kai mara lafiya sai ya galabaita. Wanda aka kai a galabaice yakan mutu. Danginsa sun ga ya shiga da rai, an hana su ganinsa, sai aka fito da shi cikin jakar leda, wasu mutane da ba a ganin fuskarsu suka fesa masa sinadari suka binne. Abin da unguwa ta koya shi ne duk wanda ya shiga ba ya fitowa. Na gaba sai a ɓoye shi ya fi na farko daɗewa.

Gwamnatoci kuwa, dalilinsu na ƙaryatawa bai bambanta da na mai aikin yini ba, girma kawai ya fi. A 1900 gwamnan jihar Kaliforniya ta Amurka, Henry Gage, ya musanta cewa akwai annobar cutar da ɓeraye ke yaɗawa a San Faransisko don gudun a killace tashar jiragen ruwa ciniki ya tsaya. Hukumomin birnin Hamburg na Jamus sun yi jinkirin bayyana kwalara a 1892 saboda irin wannan dalili, mutum sama da 8,000 suka mutu. Murar 1918 ta samu sunan Sifaniya ne kawai don ƙasar ba ta cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jaridunta na da 'yancin rubutawa, sauran ƙasashe kuwa sun toshe bakin nasu. A birnin Wuhan na China 'yan sanda sun gargaɗi likita Li Wenliang kan yaɗa jita-jita game da korona, cutar ta kashe shi ranar 7 ga Fabrairu 2020. A Tanzaniya gwamnatin John Magufuli ta daina fitar da alƙaluma, a watan Yuni na 2020 kuma ya ce ƙasar ta rabu da korona. Duk lokacin da aka kama hukuma ta ɓoye, ta ba mai cewa komai ƙarya ne jarin shekaru.

Da zarar matsayi a kan cuta ya zama alamar ɓangare, hujja ta daina aiki yadda aka saba. Mutum ba ya tambayar ko takunkumin fuska na tare ƙwayar cuta, yana tambayar su wane ne ke sa shi. In ya sauya ra'ayi, abin da zai rasa a fili yake, abokai da mutunci, wani lokacin har da kasuwa. Abin da zai samu kuwa ragin haɗarin da ba ya gani ne. Binciken Dan Kahan ya nuna cewa a batutuwan da suka zama na ɓangaranci, masu ilimin lissafi da kimiyya sukan fi kowa rabuwa, domin sun fi iya ƙera wa ɓangarensu hujja. Ga kuma ɗabi'ar da Jack Brehm ya bayyana a 1966: in aka ƙwace wa mutum zaɓi da tsawa, sai abin da aka hana ya ƙara masa daraja. Ba sabon abu ba ne, a Janairu 1919 an kafa ƙungiyar adawa da takunkumin fuska a San Faransisko.

Kafafen sada zumunta ba su ƙirƙiro wannan ba, sauri suka ƙara masa. Wani bincike da aka buga a 2018 kan labarai kusan 126,000 a Twitter ya tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne ke turawa, ba na'urori kaɗai ba. An kuma san tun 1977 cewa maimaita magana na sa a ji ta kamar gaskiya. Saƙon murya da ya zo daga ƙanwar uwa ya fi sanarwar ma'aikatar lafiya nauyi, don ita ba ta taɓa cutar da kai ba.

Wasu kura-kuran kuma masu isar da saƙo ne suka jawo wa kansu. A farkon 2020, da korona ta ɓulla, an gaya wa jama'a da ƙarfin gwiwa cewa masu lafiya ba sa buƙatar takunkumi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauya a Afrilu, Hukumar Lafiya ta Duniya a Yuni. Sauyawar daidai ce, domin an gano masu cutar na yaɗa ta kafin alamu su bayyana. Kuskuren shi ne ba a ce tun farko "wannan ne abin da muka sani yau, zai iya canzawa" ba. Haka aka yi da allurar rigakafi: an bar mutane suna zaton mai allura ba zai kamu ba sam. Sai aka fara jin cewa yawancin waɗanda ke asibiti masu allura ne. Ga yadda hakan ke faruwa ko da allurar na aiki. Cikin mutum 1,000, a ce 900 sun yi, 100 ba su yi ba. In cutar na kwantar da kashi 10 cikin ɗari na marasa allura, 10 ke nan. In tana kwantar da kashi 2 na masu allura, 18 ke nan. Masu allura sun fi yawa a gado, alhali allurar ta rage haɗarin kowannensu sau biyar. Wannan bayani minti ɗaya yake ɗauka, amma sai an yi shi kafin jita-jitar ta iso. Game da shugabannin da ke kafa doka su taka, ba sai an ja magana ba: a Birtaniya an ci tarar firaminista Boris Johnson a Afrilu 2022 kan taron da aka yi a lokacin kulle.

To in kana gaban mai ƙaryatawa, me za ka yi? Kada ka yi a gaban jama'a ko cikin zauren WhatsApp, domin a can kare kansa zai yi, kuma duk abin da ya furta a fili ya ɗaure shi. Ka same shi shi kaɗai. Ka fara da tambaya: me ya gani ko ya ji da ya sa yake ganin haka? Ka bari ya gama. Daga amsarsa za ka gane ko lissafi ne ya rikita shi, ko asara yake gudu, ko tsohuwar ƙullalliya ce da hukuma, kuma kowanne maganinsa daban. Inda yake da gaskiya ka ce yana da gaskiya, in an ci kuɗin tallafi an ci, musanta wannan zai zubar da sauran maganarka. Ka kawo hujja ɗaya, ba goma ba. A cikin goma zai nemo mafi rauni ya rusa, ya tafi yana jin ya ci nasara. Ka buɗe masa ƙofar fita da mutunci, kamar ka ce da abin da aka sani a lokacin mutane da yawa sun yi tunanin haka. Sannan ka roƙi abu ƙarami da zai iya yi ko bai yarda ba, misali ya dakata da ziyartar tsofaffi har zazzaɓin ya wuce. Kada ka jira ya ce ka yi gaskiya a zaman. Yawanci sai bayan makonni ake sauyawa, a ɓoye, kuma in ka je kana tuna masa abin da ya ce a da, ka mayar da shi inda ya fito.

A matakin hukuma, abin da ya yi aiki a Ebola ya nuna hanya. A ƙarshen 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin binne gawa wanda ya ba dangi damar tsayawa daga nesa su gani, a yi wa mamaci addu'a bisa addininsa, a kuma nemi yardarsu kafin a fara. An sa waɗanda suka warke su koma unguwanni, domin mutum mai rai da ya fito daga cibiyar shi ne amsar zancen cewa ba a fitowa, kuma da yake sun samu kariya daga irin ƙwayar da ta kama su, sun iya kula da yara marasa lafiya. A Kwango ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta yi amfani da ɗakunan jinya masu bangon roba da ake gani ta ciki, inda uwa za ta zauna a waje tana kallon ɗanta tana yi masa magana, likita kuma ya duba shi ta safar hannu da ke maƙale a bangon ba tare da ya rufe fuskarsa ba.